Yadda nake tantance abincin gwangwani na mage mai tambarin "babu hatsi"

Sannu 'yar uwa. Kin ce kina so ki ɗauke magenki daga busasshen abinci ki mayar da ita kan na gwangwani wanda aka rubuta wa "babu hatsi", kina kuma tambayar yadda za ki bambance mai kyau da na banza. Na daɗe ina kiwon maguna, manya da 'yan ƙanana, don haka bari in faɗa miki yadda nake yi.

Komawa jiƙaƙƙen abinci shawara ce mai kyau. Mage ba ta cika shan ruwa ba, domin a asalinta daga naman abin da ta kamo take samun yawancin ruwan jikinta. Na gwangwani kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne, busasshe kuwa wajen kashi 10 kawai. Amma shi wannan rubutu na "babu hatsi" ni dai ba na ba shi wani nauyi. Iyakar abin da ya gaya miki shi ne ba a sa masara ko alkama ko shinkafa ba. Bai gaya miki me aka zuba a madadinsu ba, kuma sau da yawa dankali ne, ko sitacin rogo, ko koren wake. Cikin mage bai damu da daga wace shuka sitaci ya fito ba. Ki juya gwangwanin, a bayansa maganar take.

Abu na farko da nake nema wata 'yar jumla ce da ake ɓoyewa cikin ƙananan haruffa, wadda ke cewa abincin cikakke ne kuma daidaitacce. A kan kayan Amurka za ki ga an ambaci ƙa'idar AAFCO, ƙungiyar jami'an da ke tsara ƙa'idojin abincin dabbobi a can, a na Turai kuma an rubuta ko cikakke ne ko na ƙari, bisa tsarin FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin maguna da karnuka ta Turai. Idan aka ce na ƙari ne ko na lokaci-lokaci, to abin marmari ne, ba a riƙe mage da shi. A nan mutane da yawa ke faɗawa, saboda gwangwanayen da suka fi kyan gani, waɗanda za ki buɗe ki ga tsokar kaza zalla cikin romo, su ne aka fi samun na ƙari a cikinsu. Tsoka zalla ba ta da isasshen kalsiyam, ba ta da isasshen bitamin A. Ki kuma duba wa aka yi wa abincin: babbar mage, ko 'yar kyanwa mai girma, ko duka. AAFCO ta sa mafi ƙarancin furotin kashi 26 ga babba, kashi 30 ga mai girma da mai ciki ko shayarwa. Jumlar kan nuna ko lissafin sinadarai kawai aka yi, ko kuwa an gwada abincin a kan maguna na gaske. Gwajin na manya makonni 26 ne da maguna 8, kuma dole aƙalla 6 su kai ƙarshe lafiya. Ba wani gagarumin gwaji ba ne, amma ya fi babu.

Sai lissafi, kuma a nan zan ɗan tsawaita don shi ne ke raba gardama. Za ki ga gwangwani ya ce furotin kashi 10, buhun busasshe ya ce kashi 32, sai ki ɗauka busasshen ya ninka shi uku. Ruwa ne ya rufe gaskiyar. Ki cire ruwan tukuna. A ce gwangwanin danshinsa 78 ne, saura 22 ke nan. Raba 10 da 22, kin sami kusan kashi 45. Busasshen mai danshi 10, saura 90, raba 32 da 90 ya ba ki kusan 36. Ashe na gwangwanin ne a gaba. Duk waɗancan lambobi na AAFCO ma a kan wannan ma'auni na bayan cire ruwa aka gina su.

Sitaci kuwa da wuya su rubuta shi, ke za ki zaƙulo shi. Ki haɗa furotin da kitse da faiba da toka (wato ma'adanan da ke saura in an ƙona abincin) da danshi, ki ɗebe daga 100. Misali furotin 10, kitse 5, faiba 1, toka 2, danshi 78, jimla 96. Saura 4. Kamar ba komai ba, ko? Raba 4 da 22, ya tashi kashi 18. Wani gwangwanin mai furotin 11, kitse 6.5, faiba 0.5, toka 2, danshi 79, saura 1 kacal, wato wajen kashi 5. Dukansu biyu suna iya ɗauke da tambarin "babu hatsi". Ni nakan fi son wanda bai wuce kashi 10 ba, musamman ga mage mai ƙiba ko mai ciwon suga. Idan ba a rubuta toka ba, ki ƙaddara 2. Ki sani dai ƙiyasi ne, tunda kayan Amurka mafi ƙaranci da mafi yawa suke rubutawa, ba ainihin abin da ke ciki ba.

Lambar furotin ita ma ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. A ɗakin gwaji naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25, kuma ma'aunin bai san nama da wake ba. Ta wannan ƙofa aka yi ɓarnar 2007, lokacin da aka gano melamin, wani sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, a cikin garin furotin na alkama da aka shigar Amurka daga Sin. An zuba shi ne don lambar ta hau, maguna da karnuka suka yi ta kamuwa da ciwon ƙoda suna mutuwa. Wannan lamari ya taimaka wajen jefa wa mutane tsoron hatsi, alhali laifin na algus ne ba na alkama ba. Yanzu dabarar da nake lura da ita ita ce furotin na koren wake ko na dankali, wanda ke ɗaga lamba a takarda. Mage kuwa maciyiyar nama ce dole. Jikinta ba ya haɗa isasshen taurin, wani sinadari da zuciya da ido ke buƙata, ba ya juya sinadarin karas ya zama bitamin A kamar namu, kuma akwai wani nau'in maiƙo da sai a kitsen dabba take samu. Don haka nake so in ga nama mai suna a farkon jerin kayan haɗi, kaza ko talotalo ko zomo, sannan hanta da zuciya. Kada kayan ciki su tsorata ki. Mage in ta kama ɓera ba tsoka take zaɓa ta bar sauran ba, kuma zuciya na cikin sassan da suka fi taurin.

Sunan da ke gaban gwangwani ma yana da doka. A Amurka, in an kira shi kaza kai tsaye, kashi 95 ake nufi ban da ruwan dafawa. In an laƙaba masa kalma irin ta liyafa ko haɗi, kashi 25 ya isa. In aka ce "tare da kaza", kashi 3 ne kawai, a Turai kuma 4.

Maganar taurin ba wasa ba ce. A 1987 Paul Pion da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa rashinsa a abincin kasuwa ne ke sa zuciyar mage ta buɗe ta yi laushi, bayan an riga an san yana lalata ido. Tun daga nan kamfanoni suke ƙara shi. Na gwangwani ya fi buƙata: AAFCO ta sa kashi 0.2, ninki biyu na busasshe. Ki tabbata kin gan shi a jerin. Wataƙila kin ji labarin binciken da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara a 2018 kan ciwon zuciya da abinci marar hatsi. Gaskiya ne an yi, amma yawancin rahotannin na karnuka ne masu cin busasshen abinci mai wake da yawa, na maguna kaɗan ne, kuma zuwa ƙarshen 2022 hukumar ba ta tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba. Ba abin firgita ba ne, sai dai ya ƙara mini dalilin guje wa gwangwanin da wake ya cika.

Ba ki faɗi shekarun magenki ba. In ta manyanta, fosfaras ya fi hatsi muhimmanci nesa ba kusa ba, domin ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin maguna. Tsohuwar magena da ƙodarta ta fara rauni, abincin da likitan dabbobi ya ɗora ta a kai akwai shinkafa a ciki, kuma a kansa ta daina amai ta mayar da jiki. Gwangwanaye masu nama da ƙashi da yawa sukan zo da fosfaras mai yawa, kuma wanda ake ƙarawa a matsayin gishirin fosfet ya fi saurin shiga jini. Da wuya a rubuta adadinsa, sai ki aika wa kamfanin saƙo. Ki haɗa da tambayoyin da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ba da shawara: wa ya tsara abincin, yana da horo a fannin, suna gwada abin da ya fito daga tukunya? Kamfanin da ya amsa miki da kalaman talla maimakon lambobi, ni daga nan nake sallamarsa.

In kuma ƙaiƙayi ne ya sa kike gudun hatsi, ki sani abin da ya fi tayar wa mage da borin jini naman sa ne da kifi da kaza. Hatsi can baya yake. Kifi dai kada ya zama na kullum, musamman tuna. Su ƙaro da ake sawa don romo ya yi kauri, kamar guwa da zantan da karajinan, ana ta jayayya a kansu. Abin da na gani shi ne wasu magunan kashinsu kan yi ruwa da su, wasu ko a jikinsu. Albasa da tafarnuwa kam guba ne ga jininta, ko kaɗan ba a so.

Bayan duk wannan, magen ce za ta yanke hukunci. Ki ba abincin kamar wata biyu kina kallo: kashi mai kauri marar wari mai tsanani, gashi mai sheƙi, haƙarƙarin da hannu ke ji amma ido ba ya gani. Ki duba kalori a jikin gwangwanin, don suna bambanta ƙwarai. Mage mai kilo 4 da ke zaune a ɗaka tana buƙatar wajen 200 zuwa 250 a yini, kuma ƙaramar leda mai giram 85 ba ta cika wuce 100 ba. Sauyin ki yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, kina ƙara sabon kina rage tsohon. Wadda ta saba da busasshe takan yi tawaye, sai ki ɗan ɗumama abincin ƙanshinsa ya tashi. Amma kada ki ce za ki bar ta da yunwa har ta saduda. Mage, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse kan taru a hantarta, kuma wannan na iya kashe ta. In ta kai kwana biyu ba ta taɓa komai ba, ki mayar mata da tsohon abincin ki kira likita.