Faifan kwamfutata ya cika, na rasa abin da ya cinye shi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwamfutata mai Windows 11 ce, faifanta 256 GB. Yanzu layin da ke nuna cikar faifan C ya yi ja, saura 9 GB kacal. Na goge hotuna da takardu da yawa amma kamar ban taɓa komai ba, alhali fayilolina duka ba su kai 60 GB ba. Ina sauran ya shiga?

Amsa: Barka kadai. Wani ɓangare dama bai taɓa zuwa hannunka ba. Faifan da aka rubuta wa 256 GB, kusan 238 GB Windows ke nunawa, domin masu ƙera shi da 1000 suke lissafi, ita kuma da 1024. Sannan duk abin da ka goge yana nan a Recycle Bin, yana riƙe da wurinsa har sai ka zubar.

Ka daina gogewa da ka, ka fara aunawa. Shiga Settings, sai System, sai Storage, za ka ga rabon manhajoji da fayilolin wucin gadi. Amma wannan a dunƙule yake. Ni na fi son manhajojin WizTree ko WinDirStat, waɗanda ke jera folda daga babba zuwa ƙarama. WizTree tana da sauri ƙwarai, saboda kundin da faifan NTFS (tsarin ajiyar fayiloli na Windows) ke ajiye sunayen fayiloli take karantawa kai tsaye. Ka buɗe ta da Run as administrator, in ba haka ba wasu wuraren za su ɓuya mata.

Yawanci ɓarayin a ɓoye suke. Akwai hiberfil.sys, fayil ɗin Hibernate (kashe kwamfuta tare da adana aikin da ke buɗe), wanda kan kai kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta. Idan ba ka amfani da Hibernate, rubuta umarnin powercfg /h off a Command Prompt da ka buɗe da Run as administrator zai kawar da shi. Akwai Windows.old, ragowar tsohuwar Windows bayan babban sabuntawa, da ya kamata ta tafi da kanta bayan kwana 10. Sai AppData, inda burauza da sauran manhajoji ke jibge tarkacensu. Downloads kuwa, kowa ya san halinsa.

Don Allah kada girman WinSxS ko pagefile.sys, waɗanda Windows ɗin kanta ke aiki da su, ya ruɗe ka ka goge su da hannu, za ka iya lalata Windows ɗin. Buɗe Disk Cleanup, danna Clean up system files, ka zaɓi Windows Update Cleanup da Previous Windows installation(s), ita za ta cire abin da ba ta buƙata.