Filin Tambaya da Amsa: Anti, galahanga ce ke neman kashe min aure ko tunani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni matar aure ce, shekarata 27, a Tudun Wadan Zariya nake, aurena shekara 2 ke nan. Tun ina ƙarama miskila ake ce min, ruƙiyya kuwa an min ba adadi wai mutanen ɓoye ne, sai bara likita ya tabbatar min ina da galahanga, wato otizim. Hayaniya ce ba na iya ɗauka, in na shiga kasuwar Sabon Gari ƙarar babura da injin markaɗe ji nake kamar ana soka min allura a ka, bikin dangin miji kuwa da an kunna sifika sai in shige banɗaki in toshe kunne, su kuma su ce girman kai ne. Amma wallahi abin da ya fi cina tunani ne, maigida in ya dawo ya amsa sannu da zuwa ciki-ciki shi ke nan ni da barci mun raba gari, in ta juya abin, ko na ɓata masa ne, ko kishiya zai min, har in tashe shi ƙarfe 2 na dare in tambaya, shekaranjiya ya ce shi fa ya gaji da rantsuwa kullum. Duk galahangar ce? Kuma tana warkewa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Abu biyu kika zuba a tukunya ɗaya, bari mu raba su.

Galahanga ba aljanu ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba, haka ƙwaƙwalwar ta ginu tun farko kuma gado na da hannu sosai a ciki. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ban yi mamaki ba da kika kai 26 kafin a gane, mata dama an fi makara a kansu, balle a nan da yarinya in ta sunkuyar da kai ba ta kallon idon manya ba ta surutu sai a ce masha Allah mai kunya. Ba ta da maganin da zai cire ta, duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ba ki jiƙo ta fita, riƙe jakarki da kyau.

Na biyun, wannan juye-juyen dare, masana halayya na kiransa niyurotisizim, ɗaya ne cikin manyan ɗabi'u 5 da suke auna mutum da su, ma'ana saurin shiga damuwa da daɗewa ba a fita ba. Kowa na da shi, na wani kaɗan na wani da yawa, kuma an fi samunsa da yawa a masu galahanga. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne, mutum ya tashi ana ta faɗa masa ya yi laifi bai san me ya yi ba, dole zuciyarsa ta koma maigadi da ba ya runtsawa. Ga mu Hausawa kuma rabin zancenmu a dunƙule yake, habaici, gugar zana, a ce miki "ba komai" alhali akwai komai har da ƙari, ke da kike ɗaukar magana yadda aka faɗe ta ina za ki sa kanki? To wannan ɓangaren na yawan damuwa shi ne yake raguwa in an yi aiki a kai.

Ki daina tashinsa da dare. Na san in ya rantse kina samun sauƙi, amma susar ƙaiƙayi ce, daɗin minti biyu gobe ya dawo ya fi na jiya, zuciya ta koyi cewa ba ta kwanciya sai an rantse mata. Ki ajiye ɗan littafi kusa da filo, tunanin ya zo ki rubuta, "ya amsa ciki-ciki, ina zaton fushi yake", ki rufe. Ku ware minti 10 bayan isha'i ki tambaya sau ɗaya tak, shi kuma ki roƙe shi alfarmar ya riƙa faɗa miki a fili, "na gaji ne, ba ke ba ce", ko "eh kin ɓata min, ga abin". Bayan wata guda ki buɗe littafin ki ƙirga sau nawa zatonki ya zama gaskiya.

Biki kuwa ki je da wuri ki durƙusa ki gaida su Hajiya, ki kama aikin da babu hayaniya ko da yankan albasa ne, ki fice kafin masu kiɗa su jona waya, kuma shi maigida ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ba ke ba. Abin toshe kunne na soso ana samu a manyan kemis, a ƙarƙashin hijabi wa zai gani? Kasuwa ki yi sammako.

In rashin barcin ya ci gaba, ko abinci ya daina shiga, ko kika fara jin rayuwar ta ishe ki, kar ki jira, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki tambaya ko suna yin maganin tattaunawa da ake kira CBT, ki faɗa musu tun farko kina da galahanga don su riƙa miki bayani dalla-dalla. In zai yarda ku je tare. Wannan shafin ma ki miƙa masa ya karanta, amma bayan ya ci tuwo.