Ranar da motar alhazai ta yi karo, me za ka faɗa wa ɗan jarida?

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan Isha'i, na saurare shi har sau biyu. Ka ce a Hajjin da ya wuce motar da ta ɗauko alhazan kamfaninku daga Madina ta yi karo a hanyar Hijira, kafin ka zura takalmi wani ya saki murya a WhatsApp wai mutum 20 sun rasu. Ɗan jarida ya bugo daga Kano, maigidanka kuwa ya riga ya ja maka kunne kada ka ce uffan, sai ka ce masa ba ka da ta cewa, ka kashe waya. Kana son sanin ko ka yi daidai, da kuma ko kwas ɗin mako guda da za a tura ka Riyad, na hulɗa da 'yan jarida da iya magana ranar tashin hankali, zai warware maka wannan.

Ba ka yi daidai ba, amma ban ga laifinka sosai ba, don ni ma a shekarunka haka zan yi. Kai a ganinka bakinka ka kama. To ka saurari yadda shirun naka yake fita a rediyo: "Mun tuntuɓi kamfanin, amma ya ƙi cewa komai." Yanzu ka sa kanka a matsayin matar da ke zaune a Gumel ko Tasawa, mijinta yana cikin motar nan, wayarsa ba ta shiga. Abin da kunnenta ya ji shi ne an mutu ana ɓoyewa. Mai muryar WhatsApp ya ba ta adadi, kai ba ka ba ta komai ba, wa kake tsammani za ta bi? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a ranar kai ka tsaga bangon.

A sa'ar farko ba wanda yake jiran ka san komai da komai. Ana so ne a ji cewa akwai mai rai a ofishin nan, ya san abin ya faru, ya kuma tashi tsaye. Da ka ce masa: "Gaskiya ne, mota ɗaya ɗauke da alhazanmu ta yi haɗari tsakanin Madina da Makka da misalin ƙarfe kaza. Motocin agajin gaggawa na Hilalul Ahmar sun kwashi mutane zuwa asibiti, ma'aikatanmu biyu suna hanya. Ba mu kammala ƙirga mutanenmu ba, saboda haka ba zan faɗi adadi ba, adadin da ke yawo kuma ba daga wurinmu ya fito ba. Ga lambar da 'yan uwa za su kira. Ƙarfe huɗu agogon Najeriya da Nijar zan sake magana." Shi ke nan. Ba ƙarya a ciki, ba ka kuma saki abin da maigidanka yake tsoro ba. Ka lura na ce agogon gida, domin mu a nan Saudiyya mun riga su da awa biyu, kuma na sha ganin wanda ya yi alkawarin ƙarfe huɗu na Makka, mutane a Sakkwato suka ɗauka nasu ne. Idan lokacin ya yi, ka fito ko da ba sabon labari, ka ce har yanzu ana ƙirga. Wannan fitowar ta biyu ita ke sa a yarda da ta uku.

Maganar adadi nake so mu daɗe a kanta, don a nan na ci tuwon kunyata. Shekarun baya, ina aiki da wani kamfanin hidimar alhazai, wuta ta tashi a benen da muka sauke mutanenmu a Makka. Ba babbar gobara ba ce, hayaƙi ne ya fi yawa. Aka fito da kowa bakin titi, na ɗauko takardar sunaye ina kira ana amsawa. Kowane suna na ji "na'am". Na shiga rediyo a shirin dare da ƙarfin gwiwata na ce alhazanmu duka lafiya lau. Ashe mata biyu ne a takardar masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, daga jiha ɗaya. Na kira sau biyu, mace ɗaya ta amsa sau biyu, ta ɗauka maimaitawa nake yi. Ɗayar tun farko an tafi da ita asibiti, dattijuwa ce mai ciwon ƙirji, kafin asuba Allah ya karɓi abinsa. Ɗanta ya ji ni a rediyo, ya kwanta da farin ciki, da safe ni ɗin dai na kira shi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, ba kai ne jiya ka ce duk lafiya ba?" Tun ranar ban sake ƙirga mutum da murya ba. Fuska nake gani, in haɗa da lambar fasfo. Ku yanzu ga katin Nusuk, katin shaidar alhaji, a wuyan kowa, aiki ya zo muku da sauƙi, amma kati yana faɗuwa a turmutsitsi, ma'aikacin asibiti kuma yana rubuta sunan Bahaushe da Larabci yadda kunnensa ya jiye masa. Kalmar "duka" ita ce mafi tsada a sana'ar nan, kada ka kashe ta sai ka ga kowa da idonka.

Ka tuna Mina a 2015, ranar 24 ga Satumba, a mahaɗar titi na 204 da na 223. Adadin da hukuma ta tsaya a kai shi ne 769, kamfanonin dillancin labarai da suka tattara alƙaluman ƙasashe ɗaya bayan ɗaya suka haura 2,000. Mu da muke hidimar 'yan Najeriya da Nijar mun yi makonni muna zagaya asibitoci da wurin ajiye gawa na Mu'aisim, wanda aka sa a jerin ɓatattu yau gobe a same shi a gadon asibiti, wani kuma akasin haka. A nan muka rasa Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta riƙe editan manyan jaridun Arewa, Allah ya jiƙanta. Abin da na ɗauka daga makonnin nan shi ne, kowane adadi ka faɗa ka ɗaura masa lokaci da tushe: "ya zuwa Azahar ta yau, waɗanda muka gani da idonmu". Idan ya canja gobe, ba wanda zai ce ka yi ƙarya.

Suna kuwa ba ya fita daga bakinka sai gidan mamaci sun ji, kuma ji na mutunci. A Maris na 2014, bayan jirgin Malesiya mai mutum 239 ya ɓace, wasu daga cikin iyalan ta saƙon tes suka samu labarin cewa a fid da rai, duniya kuma ba ta yafe wa kamfanin wannan ba. Mu namu ya fi haka nauyi. Ba a buga wa mai juna biyu waya a ce mijinta ya rasu. Wan mamacin ake nema, ko limamin unguwa, ko jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ya taka ya je. Shi ya sa tun ranar da alhaji ya cike takarda nake karɓar lamba biyu, ta gidansa da ta babba a dangi. Matsalarku ta yau ita ce kuna tsere da yaron da ke tsaye bakin titi da waya a hannu. Ba kullum za ka riga shi ba, amma ka gargaɗi ma'aikatanka da alhazanka tun daga masauki: dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 kan yaɗa abin da ke tayar da hankalin jama'a. Da yawa ba su sani ba sai sun ga askarawa a ƙofa.

Wannan ya kawo ni ga iyakarka. Nan ba gida ba ne, kai baƙon hukuma ne ko da a unguwar Jarwal ta Makka aka yanke maka cibi. Sanar da yawan mamata a haɗarin hanya ko gobara aikin hukumomin Saudiyya ne, sai ofishin alhazan ƙasar da abin ya shafa. Kai bakin kamfaninku ne kawai: mutanenmu nawa ne a motar, ina muka kai su, me muke yi wa iyalansu. Musabbabi ma ba naka ba ne. Ina Jidda ranar 11 ga Yulin 1991, da jirgin alhazan da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum 261 ba wanda ya fita. Ba irin labarin ƙanzon kuregen da ban ji ba a ranar. Da bincike ya kammala, ashe tayoyi ne marasa isasshiyar iska suka fashe yana gudu a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Duk wanda ya yi shaci-faɗi a rediyo ranar farko ya ji kunya. Idan aka matsa maka da "direba ne ya yi barci?" kada ka maimaita kalmar barci ko da musantawa za ka yi, don ita za a yanka a sa a kanun labari. Ka ce 'yan sandan hanya suna bincike, za mu ba su duk abin da suka nema. Mafi muni kuma ka ɗora wa mamata laifi. Ka ga yadda rai ya ɓaci a gida a 2015 da maganar ta yaɗu cewa alhazan Afirka ne suka jawo turmutsitsin. Ko da alhajinka ne ya saɓa umarni, ba ranar janaza ake faɗa ba.

Shi maigidan naka ba mugu ba ne, tsoro yake ji, na lasisi da na shari'a. Ba za ka shawo kansa ana tsakiyar kuka ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cikin Shawwal ka zauna da shi, ka rubuta gajerun sanarwa guda uku ko huɗu da gurabe a ciki, ta haɗarin mota, ta gobara, ta ɓatan alhaji, ta zafin rana, ya karanta ya sa hannu. Ta zafin nan kada ka raina ta: a Hajjin 2024 ma'auni ya kai 51.8 a Makka, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari marasa tasrihi ne, wato izinin yin Hajji. Ku kuma tsayar da mutum ɗaya mai magana, direba da mai girki su san wurin wa za su tura ɗan jarida.

Kwas kuwa, je ka, kuɗin ba a banza ba. Za su ba ku labarin Tylenol na 1982, da mutum 7 suka mutu a yankin Shikago saboda gubar da aka zuba a maganin, kamfanin ya janye kwalabe kusan miliyan 31. Za su nuna muku tsohon shugaban kamfanin mai na BP, Tony Hayward, wanda bayan ma'aikata 11 sun mutu a fashewar rijiyar mai ta 2010 ya ce shi ma yana so ya koma rayuwarsa, kafin shekara ta ƙare ya bar kujerar. Waɗannan ko a littafi ka samu. Abin da ya cancanci kuɗin shi ne atisaye, a sa ka gaban kyamara, wani ya yi ta yi maka tambayar rainin hankali, sannan a kunna maka ka ga yadda idonka ke gudu da yadda kake murmushi inda bai dace ba. Ranar da aka fara nuna mini kaina sai da na yi gumi. Idan ka ga jadawalin duk lacca ne ba atisaye, ka nemi wani.

Sai dai da Larabci ko Turanci za a koyar da ku, mutanenka kuwa da Hausa suke kuka. Ba wanda zai gaya maka cewa sanarwar da aka buga da tambarin kamfani ba ta kai ƙauye, amma muryarka ta minti ɗaya tana isa kafin Magariba, in dai ka faɗi sunanka da rana da lokaci a farkonta, don kada a tono ta baɗi a ce ta yau ce. Ba za su gaya maka cewa "Inna lillahi" da ta'aziyya ke gaba da duk wani bayani ba, ko cewa kalmar ƙaddara in ta fito daga bakin kamfani kafin bincike, mutane wanke hannu suke ji. Ka bar iyalan su faɗe ta da kansu.

'Yan jaridan ma ka neme su tun ba ka da buƙatarsu. Wakilan BBC Hausa da DW da RFI da Aminiya da gidajen rediyon jihohi duk shekara suna zuwa, ka san masaukinsu, ka kai musu labarin da ba talla ba, ka ɗaga waya idan sun kira a kan ƙaramin abu. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wanda kuka sha shayi jiya a unguwar Misfala ta Makka, yau aikinsa yake yi, kuma "wannan tsakaninmu ne" ba ta aiki sai kun yi yarjejeniyar kafin ka buɗe baki. Ni dai na daina yin ta gaba ɗaya.

Shi wancan na Kano da ka kashe wa waya, ka neme shi cikin makon nan ka ba shi haƙuri, ka ba shi lambarka ta biyu. Ranar Alhamis kuma idan ka sauko Jidda ka biyo bayan Isha'i da sanarwar nan guda huɗu a rubuce. Zan zama ɗan jarida, ƙanenka ya riƙe waya yana ɗauka, kuma ka sani ba zan raga maka ba.