Margit ya hana ni shiga Stormveil, ni ne ban iya ba ko gem ɗin ne mugu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum yaya. Don Allah sati biyu kenan da na sayi Elden Ring a PS4, wani bos wai shi Margit mai tsare hanyar shiga fadar Stormveil ya kashe ni ya fi sau talatin, na shiga setin in rage wuya na ga babu wajen ragewa sam. A Skyrim kuwa in abu ya gagare ni sai in sauke zuwa Novice, matakin da ya fi sauƙi, in wuce abina. Mugunta ce kawai ta masu gem ɗin ko ni ne ban iya ba? Ƙaninka daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya fara gem ɗin nan tun fitowarsa a 2022 sai da Margit ya wanke masa kai, ni ma sai da na kusa jefar da fad. Abin da yake faɗa maka da wannan sandar tasa shi ne ba ka kai ba tukuna, juya ka je yawo.

Kamfanin FromSoftware na Japan ba sa saka maɓallin sauƙi ko wuya, sai suka zuba wuyar a cikin taswira, kowane yanki da ƙarfin dodanninsa kuma ba sa jiran ka, shi ya sa da ka fito Limgrave, yankin farko, za ka ga wancan ƙaton mahayin mai sulken zinare, Tree Sentinel, yana kai-komo a gabanka, ai ba don ka yaƙe shi yanzu aka ajiye shi ba, don ka koyi kewayewa ne.

Ɗaya hanyar ita ce ta Bethesda a Oblivion na 2006, inda abokan gaba ke girma tare da kai. A ji kamar adalci ne, amma ka sha wahala ka kai lebul mai nisa sai ka ci karo da ɗan fashin hanya sanye da sulke mai tsadar gaske yana neman 'yan kuɗin aljihunka, to ina amfanin wahalar? A Skyrim na 2011 sun ɗan gyara. Amma wancan maɓallin da kake saukewa fa lissafi kawai yake canzawa, misali a Legendary, matakin da ya fi wuya, dukanka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, nasu kuma ya ninka sau uku, dodon bai ƙara wayo ba, kai ne dai za ka yi ta sara kamar mai faskare. Witcher 3 kuwa alamar ƙoƙon kai ja yake ɗora wa wanda ya fi ƙarfinka, wato ka kama gabanka. Ni dai gaskiya tsarin Elden Ring ya fi min, don ranar da ka dawo ka kwantar da wanda ya dinga wulaƙanta ka, daɗin daban ne.

To ga abin yi. Hau dokinka Torrent ka nufi kudu, ka tsallaka gada zuwa Weeping Peninsula, can dodannin da sauƙi kuma akwai Sacred Tear guda uku a majami'un wajen, su ke ƙara wa kwalbar maganinka ƙarfi. Runes ɗinka, wato kuɗin gem ɗin, zuba su a Vigor mai ƙara maka jini, bar ruwan ido. Ka shiga ramin haƙar ma'adinai na Limgrave ka kwaso duwatsun ƙira ka ɗaga takobinka. In ba ka karɓi ƙararrawar kiran ruhohin da ke taya ka faɗa ba, koma Church of Elleh da dare, wata mayya Renna za ta ba ka har da kyarketai uku. Akwai kuma Margit's Shackle, wani mari na ɗaure Margit, wajen ɗan kasuwa Patches a Murkwater Cave kan runes 5,000, yana manna shi da ƙasa sau biyu a farkon faɗan, ga alamar kiran Rogier, wani matsafi da zai taya ka faɗa, nan dab da ƙofar hazo ta shiga wajen Margit.

Kuma don Allah kar ka saurari masu cewa kiran ruhohi ragwanci ne, ai masu gem ɗin ne suka saka, shi ne maɓallin sauƙin da kake nema a setin. Abu ɗaya dai, akwatunan nan na ƙarƙashin Dragon-Burnt Ruins in ka gan su ka bi a hankali, ɗaya daga cikinsu tarko ne, mugun yankin nan Caelid zai cilla ka, can kuwa sai ka yi kewar Margit.