Korona da ƙwaƙwalwa: karanta wannan kafin ka ciro kuɗinka

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Mutum ya warke daga korona, tari ya tafi, amma hanci ko kai bai dawo daidai ba, su kuma masu tallar magani sun yi masa caa.

"Wata huɗu ke nan da na yi korona. Da farko ba na jin ƙamshin komai, yanzu kuma sabulun wankana ma wari yake mini kamar an ƙona roba. Ina kwana da tsoron ko cutar ta shige mini ƙwaƙwalwa. An nuna mini wani maganin fesawa a hanci mai sinadarin zinc. In saya?"

Sannu, 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoron nan naki likitoci ma sun yi shi a 2020. Can ƙuryar saman hanci akwai wani ɗan fili da bai fi faɗin kan sarki ba, nan jijiyoyin ƙamshi suke, kuma suna ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya su isa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Kowa ya ga wannan hanya dole gabansa ya faɗi. Sai dai ƙwayar cutar ba ta shiga ko'ina sai inda ta sami ƙofa, wani furotin da ake kira ACE2. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna a 2020 cewa wannan ƙofa tana jikin ƙwayoyin halittar da ke tallafe da jijiyoyin ne, su jijiyoyin kansu ba su da ita. In masu tallafin suka lalace, jijiya sai ta yi shiru. Daga baya wurin yakan farfaɗo, kuma a lokacin farfaɗowar saƙonni kan cuɗe, shi ne sabulu ke zame miki ƙonanniyar roba. Da yawa daga masu wannan larura a kan hanyar samun sauƙi suke.

Maganin fesawar kuwa kada ki kusance shi. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina amfani da Zicam, maganin mura mai zinc da ake sawa a hanci, bayan rahoto sama da 130 na mutanen da suka rasa jin ƙamshi. Abin da ke da hujja shi ne horar da hanci, wanda Farfesa Thomas Hummel na Dresden a Jamus ya gwada a 2009. Ƙamshi huɗu ya yi amfani da su: furen wardi, lemon tsami, kanumfari da man yukaliptus. Ki shaƙi kowanne a hankali na 'yan daƙiƙu, safe da yamma, aƙalla wata uku, kina tuno yadda ƙamshinsa yake a da. Kafin hancin ya dawo, ki sa wani ya riƙa lura miki da warin gas da hayaƙi a gida.

"Tun da na warke nake mantuwa, ina cikin magana kalma ta ɓace mini. Na ga ana tallar wasu ƙwayoyi a Facebook, wai suna wanke korona daga ƙwaƙwalwa cikin kwana bakwai. Kusan rabin albashina ne, amma na matsu."

Ɗan uwa, na duba hoton kwalbar da ka turo. An zana ƙwaƙwalwa shuɗiya tana walƙiya, an jera tutocin ƙasashe uku, amma babu adireshin kamfani, babu ranar lalacewa, babu lambar rajistar kowace hukuma. Irin wannan kasuwanci yana ƙona mini rai, don ana yin sa ne da tsoron marar lafiya.

Larurarka gaskiya ce, kada wani ya ce maka raki ne. Tun a 2020 likitocin Wuhan suka duba majinyata 214 suka tarar sama da kashi 36 cikin 100 suna da alamun da suka shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 2022 masu bincike na Jami'ar Oxford suka kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar mutum 401, na kafin su kamu da na bayan sun kamu, suka ga sassan da ke kula da ƙamshi da tuna abubuwa sun ɗan ragu fiye da na waɗanda ba su kamu ba. An kuma taɓa ganin ɓurɓushin ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar waɗanda ta kashe, a asibitin Charité na Balin a Jamus, da kuma binciken gawa 44 da cibiyoyin lafiya na Amurka suka wallafa a 2022.

Amma mafi yawan ɓarnar ta wasu hanyoyi take zuwa. Garkuwar jiki takan harzuƙa ta haddasa kumburi ko'ina, har cikin kai. Cutar tana taɓa bangon hanyoyin jini, jini ya riƙa yin gudaji. In huhu ya gaza, iskar oksijin da ke isa ƙwaƙwalwa ta ragu. Sannan akwai wani shinge da ke tace abin da zai fita daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa, kuma a 2024 masu bincike a Dublin ta ƙasar Ireland sun ga yana yoyo a jikin masu fama da irin wannan mantuwa da cushewar tunani bayan korona. To, a cikin duk waɗannan, me ƙwayar kwana bakwai za ta wanke? Har yau babu hukumar magunguna da ta amince da wani magani na wanke ƙwaƙwalwa. Ganyen ginkgo da suke yawan rubutawa a jikin kwalaben nan, an gwada shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon ya fito a 2008, bai hana ciwon mantuwa ba. Wannan ma in har ginkgon ne a ciki. Kwalbar da ba ta da adireshi ba ka san abin da aka dura mata ba, kuma in ta taɓa maka hanta ko ƙoda ba ka da wanda za ka kama. Masu hali ma ba su tsira ba: mujallar likitoci ta BMJ ta ba da rahoto a 2022 kan masu tafiya Jamus da Saifurus da Suwizalan ana tace musu jini da kuɗi masu yawa, alhali ba a tabbatar da amfanin hakan ba. Shaidar da kake gani a ƙarƙashin talla, wance ta sha ta warke, wane ya sha ya warke, ko mai kayan yana iya rubuta ta da hannunsa.

Rabin albashin nan ka riƙe abinka. Ka je wurin likita a auna maka yawan jini, sukari, hawan jini, aikin thyroid (halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo) da bitamin B12, domin matsala a kowannensu na iya kawo mantuwa kuma tana da magani. Ka gyara barcinka, ka riƙa rubuta abin da za ka yi, kada kuma ka tilasta wa jikinka aiki ranar da ya ce ya gaji.

"In biya a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata da na'urar MRI don hankalina ya kwanta?"

A'a, Malama, sai in likita ne ya nema. Canjin da aka gani a Oxford ɗan ƙanƙani ne, sai da aka haɗa hotunan ɗaruruwan mutane ya bayyana. Naki guda ɗaya zai iya fitowa lafiya lau alhali larurar na nan.

"Abokina ya ce in sayi ivermectin da kulorokwin in riƙa sha don su tare cutar kada ta hau kai."

Haba Malam! Har yanzu muna kan wannan? Babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna tun watan Yunin 2020 cewa haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin, ba ya ceton majinyatan korona, an gwada ivermectin, maganin tsutsar ciki, a Barazil shi ma bai yi komai ba. Kulorokwin kuma yana iya rikita bugun zuciya. In rigakafi kake so, allurar rigakafi ce ke rage tsananin cutar.

"Mahaifina ya haura 70, korona ta kama shi, muna jinyarsa a gida. In sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa?"

Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ba Baba lafiya. Wannan na'ura mai auna yawan iskar oksijin a jini kam ki saya, a kantin magani mai rajista, kada ki dogara da manhajar waya. Ki gwada ta a yatsanki tukuna, hannu da ɗumi, farce babu fenti. In ta nuna 92 ko ƙasa da haka a jikinsa, ku nemi asibiti. Ki sani kuma takan nuna lamba sama da gaskiya a jikin masu duhun fata, saboda haka idonki ya fi ta muhimmanci. A jikin tsoho, wani lokaci ruɗewa ce alamar farko, tun kafin numfashi ya yi nauyi. In ya fara sambatu, ko ya kasa gane ku, ko bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ki duba agogo ki riƙe lokacin, ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Maganin narkar da gudan jini na shanyewar ɓarin jiki cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, kuma tambayar farko da likita zai yi miki ita ce ƙarfe nawa abin ya fara.