Tanadin Abinci da Shirin Ko-ta-kwana: Rashin Tawakkali Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a Gangare cikin Jos, gidan haya nake, kuma rafi ne a bayanmu. Tun dokar hana fita ta 2021, da muka wuni muka kwana ba ko ƙwayar shinkafa a gida, na riƙa ajiye buhun masara da rabin buhun shinkafa, da jarka biyu ta fetur saboda janareto. Takardunmu kuma na ƙulle su a leda cikin jaka guda a bakin ƙofa. Yayana ya ce wannan rashin tawakkali ne, kiran masifa ne, har ya ce ɓoye abinci ne irin wanda Annabi (SAW) ya hana. Shi ya rene ni, ba na son jayayya da shi. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abubuwan da ka lissafa ba hukuncinsu ɗaya ba. Abincin halal ne, jakar abin so ce, fetur ɗin kuwa shi ne abin da ya kamata yayanka ya yi maka faɗa a kai, sai ga shi bai ma ambace shi ba.

Mu fara da tawakkali. Tawakkali aikin zuciya ne: ka sakankance cewa babu mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. Riƙo da sababi kuwa aikin gaɓoɓi ne, kuma ɗayan ba ya kore ɗayan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Umar (RA) cewa Annabi (SAW) yana ware wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Wa zai ce ya fi shi dogaro ga Allah? Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar hatsin shekara 7 a zangarniyarsa saboda farin da ke tafe, kuma Alƙur'ani ya kawo labarin a Suratu Yusuf ba tare da zargi ba.

Amma dalilin da ya fi dacewa da halinka shi ne wanda Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas (RA). Mutanen Yaman sukan fito aikin Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka sai su kama roƙon mutane. Sai Allah ya saukar da faɗarsa a Baƙara, aya ta 197: ku yi guzuri. Duk wanda ya zauna a Jos ya san wannan hoton. Ranar da aka sa dokar hana fita ta awa 24, mai shago ya rufe, mai ruwa bai turo kura ba, wanda ya ce shi ba ya tanadi shi ne zai fara aika yaro gidan maƙwabci da kwano. Ashe kenan ga tukunyar maƙwabci ya dogara. Ciyar da iyali kuwa wajibi ne a wuyan miji, kuma dokar hana fita ba ta sauke masa shi.

Batun kiran masifa ba shi da tushe. Camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya kore camfi. Jaka a bakin ƙofa ba ta kawo ambaliya, kamar yadda rashinta ba ya hana ta.

Sai maganar ɓoye abinci, wadda a nan yayanka yana da ɗan abin kamawa. Hadisin Muslim ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Malamai sun fassara shi da wanda ke saye abin da jama'a ke buƙata ya kulle, yana jiran farashi ya tashi, mutane na shan wuya. Wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci bai shiga ciki ba. Sai dai malamanmu sun sa sharaɗi na lokaci: idan kasuwa a yalwace take, kamar da kaka, sayi na shekara ma in kana da hali. Idan kuwa gari ya rikice, kaya sun yi ƙaranci, bai halatta ka je ka kwashe abin da ya rage a shagon unguwa ba, sai dai ka sayi na 'yan kwanaki ka bar wa saura. Kuma in masifar ta auku, maƙwabcinka na kwana da yunwa, buhun nan ba naka kai kaɗai ba ne. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa, wata ƙabila ta mutanen Yaman, saboda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai.

Yanzu fetur. Jarka biyu a gidan haya mai ɗakuna jere, ga risho, ga tukunyar gas, ga yara, wannan ajiye wa kanka da maƙwabta halaka ne. Tururin fetur kaɗai yana kama wuta tun harshen wutar bai taɓa jarkar ba. An taɓa yin gobara a wani gida a Madina da dare, sai Annabi (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Ga kuma ƙa'idar da Malik ya kawo a Muwaɗɗa: ba cuta, ba cutarwa. Saboda haka ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da madafa haramun ne a fahimtata, tun da cutar a fili take kuma ba kai kaɗai za ta shafa ba. Haka kunna janareto a zaure ko lungun da iska ba ta ratsawa, haka kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga lokacin sanyin Jos. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin nan ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi. Mutanen garin da Kasuwar Terminus ta ƙone a gabansu a 2002 ba sa buƙatar doguwar lacca a kan wuta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ka ambace shi: rafin da ke bayan gidanka. A watan Yulin 2012, farkon azumi, ruwa ya yi toroƙo daga madatsar Lamingo ya ci gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka rasu. Idan hukumomi irin su NiMet mai hasashen yanayi da NEMA mai ba da agajin gaggawa suka yi gargaɗi, ko ka ga ruwa ya fara haurowa, fita da iyali wajibi ne, saboda Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Hasashen masana yanayi ba da'awar sanin gaibu ba ce, lura ce da alamomin da Allah ya sanya. Da Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Na kan yi mamakin mai zuba shara a kwata duk rani, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakin mutane, ya ce daga Allah ne. Daga Allah ne, amma alhakin toshe magudanar yana kansa.

Jakarka kuwa ka ƙara mata tocila, da maganin duk wanda ke shan magani kullum a gidan, kamar na hawan jini ko ciwon suga, da 'yan kuɗi a hannu, don ranar da sabis ya ɗauke tiransifa ba ta sayen biredi. Ka rubuta lambobin 'yan'uwa a takarda, ka koya wa yara lambar gaggawa ta 112, ku kuma tsayar da gidan da za ku haɗu in kun rabu. Ruwa ya fi hatsi saurin yankewa: masu aikin agaji na ƙiyasta lita 15 ga mutum guda a rana, ka ga jarka mai lita 25 ba za ta kai gidan mutum shida ko'ina ba. In ruwan ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, a bar shi don sha a yi taimama. Wanda kuma ke cikin salla ya ji ruwa ko wuta za ta ci rai, ya yanke sallar ya ceci ran, ya sake ta daga baya.

Yayanka uba ne a wurinka. Kada ka je masa da hadisi kamar mai neman kayar da shi. Ka fara fitar da fetur ɗin daga gida, sannan ka auna masa 'yan mudu daga masarar ka kai masa da kanka, in ya buɗe zancen ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi.

Wallahu a'alam.