Daga hasumiyar tsaro zuwa shaci-faɗi

Tambaya: Malam, ni mai fassara labarai ce a gidan rediyo. Duk sanda na ci karo da speculation, conjecture, surmise ko guess sai in ce "hasashe" in wuce. Shin duk abu ɗaya ne? Ina kuma suka samo asali?

Amsa: Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake Turawan su ma sukan cakuɗa su.

Mu fara da speculation, don ita ta fi labari. Tushenta Latin ne. Rumawa suna kiran hasumiyar da mai tsaro ke hawa ya hango abokan gaba specula, daga specere, wato duba. Kin ga ke nan, asalinta gani ne da ido. Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar zurfafa tunani. Sannu a hankali idon ya fita, tunanin ya rage, har ta koma maganar da ba ta da hujja. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ga kalmar da ji ya kori ganinta. A ƙarni na 18 kuma 'yan kasuwar Ingila suka ara ta ga mai sayen kaya ba don buƙata ba, sai don jiran tsada, kamar mai kimshe hatsi da kaka yana jiran bazara. To in labarin na kasuwa ne, kada ki ce hasashe. Ki ce saye don jiran farashi ya tashi. In kuwa 'yan siyasa ne ke musanta speculation a jaridu, "raɗe-raɗi" ko "shaci-faɗi" ya fi zama daidai. Wani abin sha'awa, wannan tushe na specere yana bakinmu kullum ba mu sani ba: sufeton 'yan sanda daga inspector ya fito, mai leƙa cikin abu.

Conjecture ma Latin ce, ma'anarta jefa abubuwa wuri ɗaya, a harhaɗa alamu a fitar da magana. Rumawa har mai fassara mafarki sukan kira coniector. A ganina "kirdado" ko "kintace" ne suka fi kusa da ita. Sai dai masana lissafi sun ɗaukaka ta. A wurinsu magana ce da ake kyautata zaton gaskiyarta amma ba a tabbatar ba, kamar wadda Christian Goldbach ya rubuta a 1742, wadda har yau ba wanda ya kawo cikakkiyar hujjarta.

Surmise daga tsohon Faransanci take, inda take nufin ɗora wa mutum abu. A kotunan Ingila na ƙarni na 15 tuhuma ake nufi da ita. Shi ya sa nake fassara ta da "zato", wanda Bahaushe ya ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Guess ba ta da alaƙa da Latin. 'Yar uwar get ce, wato samu, kuma tana Turanci tun wajejen 1300. Ita ce ta yara da 'yan kacici-kacici: canka, ko cinta.

"Hasashe" ki adana shi don abin da ake hangowa gaba da dalili, kamar ruwan damina ko sakamakon zaɓe.